Hannu Ba Ya Mantuwa

A rumfata ta Bagalam, bayan masu tuyar ƙosai,
inda warin jima ke riga rana fitowa,
mu biyar ne kan tabarma,
ni kaɗai na gaji basilla wurin ubana.

Mushe Tsahiru ya fara zuwa.
Shekara talatin da ɗaya yana shaƙar alli a lakwal,
daga Tibiri har Gidan Rumji.
Da aiki ya sallame shi
ya ce gida ya yi masa yawa kamar rigar aro.
Har yau ba ya yanka fata sai ya ja layi,
kuma in ɗinkina ya karkace
yakan dube ni ta saman tabarau,
ni da furfurata, in ji kamar in miƙa tafin hannu.

Majo Illa daga asibiti ya fito.
Ya ɗinke goshi, ya ɗinke dunduniya,
ya ɗinke abin da ƙahon sa ya ɓarka ran kasuwa.
Ranar da ya fara soka fatar jar akuya
sai ya dakata, yana jiran ihu.
Shiru.
Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce,
"Ashe akwai fatar da ba ta kiran uwarta."
Shi yana wanke hannu kafin ya taɓa aiki,
mu sai mun gama.

Arzika ba ya son a tambaye shi.
Abin da muka sani, kamiyo ne da lodin albasa,
da wata kwana a hanyar Konni
da ta karɓi ƙafarsa ta hagu ba ta ba da canji ba.
Yanzu shi ke yi wa gari takalma,
bibbiyu,
bai taɓa mance ta hagu ba,
ita ma yake fara yankawa.
In mota ta yi tari a bakin titi
yakan faɗi ciwonta bai ɗaga kai ba.

Sai Baraka.
Shekara tara tana riƙe da lissafi a wani kamfanin man gyaɗa
har aka wayi gari da kwaɗo a ƙofa.
Ta zo koyon rini, karan dafi da kuloko,
ba ta yi sati ba ta sayo littafi,
ta haɗa kuɗin bagaruwa, da zare, da wunina,
ta ce, "Baba, shekara ashirin kana sayar da zabira
kana biyan mai saye ladan ɗauka."
Na yi fushi kwana biyu.
Rana ta uku na ƙara dala ɗari.

Dukawan unguwa suna wucewa suna taɓe baki,
wai dukanci gado ne, ba mafakar ruwan sama ba.
Ban ce musu komai ba.
Nawa magajin yana Yamai, cikin ofis mai sanyi,
da ɗamarar roba a ƙugu,
kowace Juma'a yana bugo waya:
"Baba, ka huta haka nan."
In ce masa to,
in maƙale wayar a kafaɗa in ci gaba da ja.

Ku zo da la'asar ku duba hannuwanmu
a bakin ƙwaryar fura.
Kuloko bai tambayi kowa takarda ba,
duk ya baƙanta mu iri ɗaya,
ba ka gane wanda ya riƙe alli
da wanda ya riƙe sitiyari.
Amma ɗauki gafaka ka juya cikinta:
layin Mushe ne,
ƙullin Majo ne,
ga tsohon wuri yana leƙe ta sabon ɗinki.

Jiya basillar Mushe ta karye.
Ya duba hagu, ya duba dama.
Na kwance tsumma na fito da ta ubana,
mai ƙotar da gumin mutum biyu ya cinye,
na miƙa masa ta wajen ƙota.
Ya ce, "Aro?"
Na ce, "Yi ɗinkinka, rana tana tafiya."